Gonar da ta ƙi karɓar rini a kwamfuta

Abin ya faro ne daga rigimar ruwa, kamar kullum. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Garun Malam, kuma duk wanda ya san yankin nan ya san in damina ta ɗauke ba zama muke ba, kanal ne ke ci da mu, ruwan da ke gangarowa tun daga dam ɗin Tiga wanda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako. Ruwa kam akwai Alhamdulillahi, rabonsa ne aiki, musamman a ɗan ƙaramin kanal ɗin da ya bi ta bayan garinmu inda kachala ta cinye rabin hanya, na bakin geti su sha su ƙoshi, na can wutsiya kuwa sai dai su ga laima.

To bara cikin sanyi an kusa ba hammata iska a bakin geti, washegari shugaban ƙungiyar manoman raninmu ya zo shagona da kansa. Shagon dai ba wani abu ba ne, cajin waya ne da POS da hotokofi da ɗan buga takardu, sai laftof ɗin da na sayo na hannu a Beirut Road wanda ya zo da wani shirin zane mai suna Visio a ciki ban ma taɓa buɗe shi sosai ba. Ya zauna a benci ya ce injiniya, (haka yake tsokanata tun ranar da na gyara masa rediyo) so nake ka zana mana gonakin nan gaba ɗaya a takarda, kowa ya ga tasa ya ga ranar ruwansa, mu manna a bangon masallaci a huta da musu. Na ce Baba Alhaji ai wannan ba wani aiki ba ne, zuwa Juma'a ka zo ka karɓa. Bakina ne ya ja min.

Malam sakatare ya ba ni littafin ƙungiya, irin dogon nan mai baƙin bango, da wani zane da aka yi da biro a bayan kwalin taliya tun ban san yaushe ba. Gonaki 58 ne a layin namu, kowacce da lambarta, ranakun ruwa uku, Lahadi da Talata da Alhamis. Na yi yamma biyu ina zagaye a kan mashin ina duba wace ke maƙwabtaka da wace, don zanen kwalin ya tsufa, an raba gado an yi jingina an yi saye da sayarwa a bayansa.

Da farko Corel na so in yi amfani da shi don shi hannuna ya saba da shi wajen katin biki da kalandar 'yan siyasa, amma na ga Visio ya fi sauƙi wajen jera akwatuna da jan layi mai kibiya, in ka matsar da akwati layin ya biyo shi da kansa. Na zana kanal, na zana hanyar mota, na jera gonaki, sannan sai ƙwalisa ta motsa min, wai bari in yi wa kowace gona launin abin da aka shuka a cikinta. Tumatir ja, shinkafa kore, alkama ruwan ɗorawa, albasa ruwan hoda, masara ruwan goro. Ba wanda ya sa ni wallahi. Dare biyu na yi a kai, batirin sola yana ƙara ina lallaɓa shi, amma da na gama abin ya yi kyau har ƙanina ya ɗauki hoto ya sa a sitatus.

Sai a dare na uku na tuna ai ba taswirar amfanin gona aka ce in yi ba, ta ranar ruwa ce. Ga shi na riga na cinye launukan a kan shuka. A nan ne na tuna da leya.

Ga wanda bai sani ba, leya kamar rukuni ne da kake zuba abubuwan zanenka a ciki, sai ka riƙa ba su umarni a dunƙule, ka ce duk 'yan wannan rukunin ku ɓuya, ko kar ku fito a firinta, ko a kulle ku kar hannu ya taɓa ku. A Visio in ka buɗe akwatin leyoyin za ka ga jeri, kowace leya da sunanta, a gabanta kuma ga ƙananan gurabe na sa alama, na gani, na bugawa, na wadda ake aiki a kanta yanzu, na kullewa, da wasu biyu na manne layi, sai na can ƙarshe shi ne na launi. Na ƙirƙiri leya uku da sunan ranakun, na ƙara ta huɗu na zuba kanal da hanya na kulle ta don linzami ya daina jan min kanal yana kaiwa gonar mutane. Na ma tarar da wata leyar da ba ni na yi ta ba, ashe kibiyoyin da na ja na nuna inda ruwa ke bi su suke zuwa da tasu da kansu. Daga nan na buɗe littafin Malam na bi shafi shafi, in danna gona in buɗe ɗan akwatin in sa mata alamar ranarta, in danna ta gaba, wajen ƙarfe ɗaya na dare ido duk ya yi yaji.

Da na gama sai na je gurbin launin nan na ƙarshe, na ba Lahadi shuɗi, Talata ruwan ƙasa, Alhamis wani kore mai duhu, na danna.

Innalillahi. Aikin dare biyu ya tafi. Tumatir ɗina da alkamata da komai, duk sun rikiɗe sun koma launi uku, sai wasu tsiraru da suka tsaya da kayansu a warwatse kamar an yi musu tsari. Ni a tunanina ɗan layin gefen gona zai canza, ko wata 'yar alama ta fito, ban zaci zai mamaye komai ba. Na danna wata gonar tumatir na sake zaɓa mata ja, shiru. Na zaɓa mata baƙi wuluk don in gani, tana nan shuɗiya abinta. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne in na duba wajen zaɓen launin sai in ga ya nuna min ya karɓa, amma a kan zanen ko gezau. Na ce shi ke nan bairos ne, na rufe laftof na kwanta ban yi barcin kirki ba.

Da safe na kira yayana ɗan wan babanmu, shi yana Kano yana zanen gidaje da AutoCAD. Ya ce kai ƙanina wannan ai ƙaramin abu ne, kowane abu da ka zana launinsa yana kan ByLayer ne, wato bin leya yake, in kana so ya fita daban ka zaɓe shi ka ba shi nasa launin kai tsaye, nan take zai bar bin leyar. Har ya karanto min lambobinsu da ka, 1 ja, 2 ɗorawa, 3 kore, 5 shuɗi, 7 fari ko baƙi gwargwadon bangon da kake zane a kai. Na ce Yaya ai abin da nake yi ke nan tun jiya, na ba ta nata launin ta ƙi. Ya ce to ba ka yi daidai ba. Muka yi ta ja har katina ya ƙare.

Ba ƙarya ya yi ba fa, a nasa shirin haka abin yake, abu ɗaya leya ɗaya, kuma in ka ba abu launinsa to maganarsa ce a sama, ta leya a ƙasa. Visio kuwa a juye yake, muddin ka sa alama a gurbin launin leya to maganar leya ce a sama, duk abin da ka shafa wa gonar yana nan amma ba za ka gan shi ba. Sunan ne ɗaya, halin kowa daban. Shi ya sa yanzu in wani ya tambaye ni abu a kan leya sai na fara tambayarsa a wane shiri tukuna, don a Illustrator ma akwai launin leya amma shi iyakarsa ɗan zaren da ke zagaye abu in ka zaɓe shi, ba ya fita a takarda sam.

Yadda na gano kuwa ba wata basira ba ce, haushi ne. Na ce bari in cire komai in faro daga farko, sai na fara da cire alamar launin Lahadi. Kawai sai ga tumatir ya dawo ja, shinkafa kore, komai lafiya lau, sai gona ɗaya baƙa ƙirin a tsakiya, waccan da na yi wa gwaji da daddare. Dariya ta kama ni ni kaɗai a shago har mai karɓar caji ya leƙo. Na mayar da alamar, suka koma shuɗi. Na cire, suka dawo. Na yi haka ya fi sau goma kamar yaro ya samu makunnin fitila.

Mu nan kusa da Kura mun san rini, kakana na wajen uwa a marina ya tsufa, kuma in ƙyalle ya shiga baba ya fito to ya shiga ke nan, ba mai dawo da shi fari. Ni da wannan tunanin na zo, na ɗauka leya rina min gonaki ta yi. Ashe ba rini ba ne, leda mai launi ce aka shimfiɗa a kan zanen, ka ɗaga ta ka tarar da kayanka yadda ka bar su. Har akwai wani ɗan maja a ƙasan akwatin da kake rage wa launin kauri ya zama shara-shara, daga 0 zuwa 100. Kuma wani abin da na gode Allah ban yi ba a daren nan shi ne goge leyar gaba ɗaya, don na yi niyya, ashe in ka goge leya tana tafiya ne da abubuwan da ke cikinta, da gonaki ashirin da wani abu sun bi ruwa da gaske.

Nan take na ga ashe riba na ci, zane ɗaya ya zama biyu. In sa alama taswirar ranar ruwa, in cire taswirar shuka.

Saura tsirarun nan masu taurin kai. Na ƙirga su, 11. Duk leyoyin uku na kunna musu launi amma su suna nan da jansu da korensu na asali. Na fara zaton ko mantawa na yi ban sa su a kowace leya ba, sai na danna wata 'yar alama a saman jerin da ke ƙirga maka abu nawa ne a kowace leya, ya ba ni Lahadi 29, Talata 19, Alhamis 21. Na haɗa a kalkuletar waya, 69. Gonaki 58 ne fa. Ragowar 11 daga ina. Ba rashin leya ke damunsu ba ke nan, yawa suka yi. Na buɗe ɗaya na duba, ga alama a Lahadi ga alama a Alhamis. To ashe dokar Visio ce, abu ɗaya yana iya zama a leya biyu ko fiye, amma in ya zama haka ba ya ɗaukar launin ko ɗaya a cikinsu, sai ya tsaya da nasa. Ni dai na ga hikimar, yaron da iyaye biyu suka aika wuri biyu a lokaci guda ai tsayawa yake a zaure.

Tara daga ciki laifina ne tsantsa. Akwai gonakin da zanen kwalin bai nuna ba, na ƙara su daga baya, kuma lokacin na bar leyar Lahadi a matsayin wadda ake aiki a kanta, to duk sabon akwatin da na zana can yake faɗawa ba sallama. Da na zo ba su Alhamis sai na ƙara alama ban cire ta farkon ba. Na bi su ɗaya ɗaya na cire, suna komawa kore mai duhu ina jin daɗi.

Biyu suka rage, lamba 31 da lamba 57, su kuma ba ruwansu da Lahadi, Talata da Alhamis ne a kansu. Na ɓoye kowa na bar Talata kaɗai, ga su. Na ɓoye Talata na bar Alhamis, ga su dai. Na ce wannan kam ba hannuna ba ne, na jawo littafin Malam. Lamba 31 tana shafin Talata da suna ɗaya, tana shafin Alhamis da wani sunan daban. Haka 57, ita ma shafi biyu, amma ita suna ɗaya ne. Shekara nawa littafin nan yana yawo hannu hannu ba wanda ya lura, don kowa shafin ranarsa yake buɗewa ya rufe, ni ma da na bi shi da daddare ban lura ba.

Gaskiya na ɗan yi jim. Ni mai hotokofi ne, ba ni da ko kwami ɗaya a layin nan, kuma mutanen duk iyayena ne, wasu a shagona suke cire kuɗin tumatir in sun dawo daga kasuwar Kwanar Gafan. Da na so da sai in cire alama ɗaya kowacce ta ɗau launi a wuce wurin, ba mai sani. Amma wacce zan cire, ni wa na zaɓa wa mutum ranar ruwa. Sai na ɗauki laftof bayan la'asar na tafi gidan shugaba, na sa aka kira Malam sakatare.

Na nuna musu, na kunna na kashe, na kunna na kashe. Baba Alhaji ya gyara tabarau ya ce to waɗannan biyun me ya hana su shiga sahu. Na ce ranka ya daɗe kwamfutar ce ta rasa wanda za ta bi, littafi ya ba su rana biyu biyu. Malam ya karɓi littafin ya yi ta juya shafi yana salati a hankali, don shi ma gadar littafin ya yi, ba rubutunsa ba ne.

Ta 57 ba a daɗe a kanta ba. Baba Alhaji ya ce wannan da saninmu, ita ce kusan ta ƙarshe a wutsiya, kafin ruwa ya isa can rana ta yi, tun zamanin shugaban da ya gabace shi aka yarda a ba ta kwana biyu, ba a dai rubuta dalilin ba ne. Ta 31 ce mai labari. Mai ita ya rasu shekarun baya, aka raba wa 'ya'yansa maza biyu, kowa ya je ya yi rajista da sunansa aka ba shi rana, daga baya ƙaramin ya tafi Legas ya bar wa wansa, shi kuma ya baje kunyar da ta raba su ya haɗe gonar yana nomawa a dunƙule, yana kuma shan ruwan Talata da sunansa na Alhamis da sunan ƙaninsa. Shi a ganinsa haƙƙinsa ne tunda kuɗin mutum biyu yake biya wa ƙungiya, kuma ni dai ban ga inda ya yi sata ba, amma na ƙasa da shi su suke kwana da ƙishi ranar Alhamis. Baba Alhaji ya ce ɗana kai naka ya ƙare, wannan namu ne, kar ka buga komai sai na neme ka. An yi zama biyu a ƙofar gidan mai unguwa, ban je ba. Abin da aka aiko min shi ne 31 ta koma Talata kaɗai amma a ƙara mata awa, a kuma rage masa kuɗin mutum ɗaya.

Na cire mata alamar Alhamis, ta zama ruwan ƙasa nan take.

Ita 57 na ɗan sha wahala da ita. Na gwada yi mata leya ta musamman mai suna kwana biyu da launinta daban, ta yi kyau, amma sai ya zama in na ce nuna min 'yan Talata kaɗai ba ta fitowa, in na ce 'yan Alhamis ma haka, alhali Malam yana son takardar kowace rana daban don mai buɗe geti. Sai na mayar da ita leya biyun na bar ta da launin albasarta, na rubuta Talata da Alhamis a cikinta da manyan baƙi.

Wajen bugawa ma sai da na ƙara koyon wani abu. Launin leyar yana fita a takarda yadda yake a allo, wannan ba matsala, amma firintata mai launi tawadarta ta yi tsada, babba ɗaya kawai na je Kura aka buga min aka yi mata lamineshin, sauran na ce hotokofi za a yi. Da na gwada sai shuɗi da ruwan ƙasa da koren nan mai duhu duk suka fito toka iri ɗaya, ba ka bambance Lahadi da Alhamis. Leya kuma launi kawai take bayarwa, ba ta canza wa gona zanen ciki ko kaurin layi. Dole na koma na sa wa kowace gona harafin ranarta a gefen lamba, L da T da A, na kuma sauya launukan, ɗaya mai duhu sosai ɗaya tsaka-tsaki ɗaya mai haske, yadda ko a baƙi da fari za a gane. Malam ya ce a ƙara da ajami don dattawa, wannan da hannunsa ya rubuta a kan babbar kafin a rufe ta da leda.

Juma'ar da na yi alkawari dai ta zama Juma'a ta uku. Kuɗin aikin kuwa kwandon tumatir ne da rabin buhun albasa, albasar kuma daga gona ta 57 ta fito, mai ita ya kawo da kansa a bayan keke, ya tsaya a ƙofar shago ya ce ina yaron da ya ce gonata ta ƙi rini, zo ka nuna min ita a cikin na'urar in gani da idona.